Yadda Za A Tsara Zauren Aji Don Sanarwa Ta Isa Ga Kowa, Kuma Ta Isa Daidai

Ka kashe data da yamma, ka kunna da safe, ka tarar da saƙo ɗari uku suna jiranka a zauren aji. Gaisuwa ce, da gardamar ƙwallo, da hotunan barkwanci, da wanda ke neman cajar waya. A tsakiyarsu, can inda ido ba ya kaiwa, akwai layi ɗaya da ke cewa an sauya ɗakin da za a yi gwaji. Wanda ya gani ya je, wanda bai gani ba ya tsaya a ƙofar ɗakin da babu kowa.

Lokacin da nake wakilin aji na ga irin wannan da idona. Wani ɗan'uwanmu ya ji a bakin wani cewa an ɗage gwaji, ya rubuta a zaure da zuciya ɗaya, wasu suka kwanta barci da wannan labarin, washegari kuma malami ya shigo da takardun tambayoyi. Waɗanda suka rasa gwajin ba malalata ba ne, sun dai yarda da abin da suka karanta. Tun ranar na gane cewa ɗalibai ba labari suka rasa ba. Labarin ma ya yi yawa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanyar da za a gane wanne ne na gaske, wanne ne na gaggawa, kuma a ina za a same shi gobe idan an nema.

Kafofin sada zumunta da ɗaliban jami'a tare suka taso. Facebook kansa a 2004 aka buɗe shi don ɗaliban jami'ar Harvard ta Amurka, kafin ya bazu zuwa wasu jami'o'i, sannan duniya. Yau babu ajin da ba shi da zaure. Ga yadda za a gina shi ya yi aikin da aka buɗe shi dominsa.

Mataki na farko: a raba sanarwa da hira

Wannan shi ne ginshiƙin komai, kuma idan abu ɗaya kawai za ku ɗauka daga wannan jagorar, ku ɗauki wannan. Aji yana buƙatar wuri biyu. Na farko zauren sanarwa, inda mutum biyu ko uku kaɗai ke iya rubutu. Na biyu zauren hira, inda kowa ke da baki.

A WhatsApp, ka shiga bayanan zaure, ka buɗe wurin izini, ka kashe damar aika saƙo ga sauran mambobi, ta yadda admin kaɗai zai iya rubutu. Tun 2022 kuma manhajar tana da tsarin da ke tara zauruka da dama a ƙarƙashin inuwa ɗaya, da zauren sanarwa guda a samansu. Wannan ya dace da sashe mai azuzuwa da yawa: sanarwar da ta shafi kowa ta fito daga sama sau ɗaya, kowane aji kuma ya riƙe zaurensa.

Za a samu masu ƙorafi cewa an toshe musu baki. Ba a toshe ba, zauren hira yana nan. Amfanin rabawar shi ne ɗalibi ya iya kashe ƙarar zauren hira ya yi karatunsa hankali kwance, ya san cewa duk lokacin da ɗayan ya yi ƙara, magana ce da ta shafe shi.

Mataki na biyu: kowace manhaja da aikinta

WhatsApp ya fi dacewa da saƙon gaggawa, domin shi ne wanda yawancin ɗalibai ke dubawa akai-akai. Zaurensa yana ɗaukar mutum 1,024, kuma tun 2016 saƙonninsa a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, wato ba mai iya karanta su a hanya. Rauninsa ajiya: takardu a wayar kowa suke zama, waya ta lalace ko ta ɓata, sun tafi, sai in an yi musu ajiya ta daban.

Telegram, wanda aka ƙaddamar a 2013, ya fi shi ta wannan fuskar. Zaurensa na ɗaukar mutum har 200,000, fayil ɗaya na iya kaiwa gigabayit 2, kuma komai yana zaune a ma'ajiyar kamfanin, ba a wayarka kaɗai ba. Ana iya saita shi ta yadda wanda ya shigo a makare zai ga duk abin da aka sa tun farko. Sai dai a sani cewa zaurukansa ba su da irin wancan kullin na WhatsApp.

Facebook da X da Instagram na maganar da ake so jama'a su ji ne: taron ƙungiya, muhawara, baje kolin ayyukan ɗalibai. Jadawalin aji da sunayen mutane ba su da wurin zama a can.

Kada a warwatsa aji a manhajoji huɗu. Ɗaya ta sanarwa, ɗaya ta ajiya, ya wadatar.

Mataki na uku: masu riƙe da zaure

Kada admin ya zama mutum ɗaya. Wayarsa za ta mutu wata rana, ko ya yi rashin lafiya, ko ya shiga inda babu sabis, a ranar ne kuma sanarwa mai muhimmanci za ta fito. Kada kuma su yi yawa har a rasa wa ke da alhakin me. Uku sun isa, kuma ya kyautu a samu namiji da mace a cikinsu, domin akwai tambayar da ɗaliba za ta fi sakewa ta yi wa 'yar'uwarta.

Linkin shiga zaure ba a liƙa shi a fili. A kunna saitin da ke sa admin ya amince da mutum kafin ya shigo, a duba sunansa a jerin 'yan aji. Idan rajista ta ƙare, a soke tsohon linkin a fitar da sabo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma linkin da ya daɗe yana yawo tsagewar bango ce.

Dokokin zaure kuma a rubuta su tun makon farko a cikin bayanin zaure, gajeru, waɗanda aji ya amince da su a fili. Dokar da aka ƙirƙiro ranar da rigima ta tashi, kowa zai ɗauka da shi ake.

Mataki na huɗu: yadda ake rubuta sanarwa

A nan ne yawancin wakilan aji ke tuntuɓe, ba don rashin ƙoƙari ba, sai don babu wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu.

Layin farko ya faɗi maganar gaba ɗaya. Abin da ke fitowa a fuskar waya kafin a buɗe saƙo kalmomi kaɗan ne, don haka idan ka cinye su da doguwar gaisuwa, mai karatu bai san komai ba tukuna. Ka kwatanta waɗannan biyun:

"Jama'a barkanmu da warhaka, da fatan kowa yana lafiya. Ina so in sanar da ku cewa na ji an ce lakcar gobe akwai canji."

"AN SAUYA ƊAKI: Lakcar Ƙididdiga ta Talata 14 ga wata, ƙarfe 10 na safe, ta koma babban ɗakin taro na tsangaya. Malamin kwas ɗin ne ya faɗa mini da bakinsa yau da ƙarfe 3."

Na biyun ya amsa tambaya biyar: mene ne, yaushe, a ina, wa ya shafa, daga wa ya fito. Ta ƙarshen ita ce aka fi mantawa, ita ce kuma ta fi nauyi. "An ce" ba madogara ba ce. Ka rubuta cewa malami ne ya faɗa, ko a allon sanarwar sashe ka gani, ko daga shafin jami'a ka ɗauko. Idan takarda ce, ka ɗauki hotonta har da sa hannu da kwanan wata.

Ka guji kalmar "gobe" ita kaɗai. Saƙon da aka rubuta ƙarfe 11 na dare, wani sai bayan tsakar dare zai buɗe shi, gobenka ta zama yau a wurinsa, shi kuma zai ƙara kwana ɗaya a kai. Ka rubuta sunan rana da kwanan wata.

Saƙo ɗaya, magana ɗaya. In kana da sanarwa uku, ka aika saƙo uku, domin mutane kan karanta ta farko su ɗauka sun gama.

Sai saƙon murya. Yana da daɗin aikawa, amma ba ya dacewa da sanarwa. Ba a iya bincikensa da kalma, ba a iya saurarensa a cikin laburare ko ana tsakiyar lakca, kuma ɗalibin da ke da matsalar ji an bar shi a baya. Idan malami ne ya turo muryar, ka tura ta yadda take, sannan ka rubuta taƙaitaccen abin da ta ƙunsa a ƙarƙashinta. Haka hoton jadawali: ka rubuta muhimman ranakun da haruffa, saboda ɗalibi mai larurar gani da ke amfani da manhajar karanta rubutu da murya, da kuma wanda datarsa ba ta kai ta sauke hoto ba.

Abin da zai daɗe ana buƙatarsa, a kafe shi a saman zaure. WhatsApp yana barin a kafe saƙo har uku, na awa 24, ko kwana 7, ko kwana 30. Idan kuma ra'ayin aji ake nema, kamar ranar da za a rama lakca, a yi amfani da tsarin ƙuri'a na manhajar maimakon mutum ɗari kowa ya rubuta "na amince".

Mataki na biyar: kafin ka tura, ka tantance

Wannan ba na admin kaɗai ba ne, na kowa ne.

A 2018 masu bincike uku daga jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa nazari a mujallar Science, bayan sun bi sawun labarai kimanin 126,000 da suka yaɗu a Twitter, wanda yanzu ake kira X. Sun gano cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake yaɗa shi da kashi 70 cikin ɗari, kuma gaskiya kan ɗauki lokaci kusan ninki shida kafin ta kai ga mutum 1,500. Abin da ya fi jan hankalina shi ne mutane ne suka fi yin wannan aikin, ba na'urori ba. Ƙarya takan zo da sabon abu mai tayar da hankali, zuciya kuma tana son ta riga kowa kai labari. A zauren ɗalibai haka abin yake: an ɗage jarrabawa, an rufe shafin rajista yau da dare, sakamako ya fito. Duk labarin da ya sa gabanka ya faɗi, ko ya sa ka tsallen murna, shi ne ya fi cancantar ka dakata.

Ga abin da za ka yi, ba zai ci maka minti biyar ba.

Ka tambayi wanda ya turo: daga ina? Idan amsarsa ita ce a wani zaure ya gani, to har yanzu ba a kai ga tushe ba. Ka duba kan saƙon: WhatsApp yana sa alamar kibiya biyu a kan abin da aka yi ta turawa hannu zuwa hannu, kuma tun 2020 ya taƙaita tura irin wannan saƙon zuwa wuri ɗaya a lokaci guda, don rage yaɗuwar jita-jita. Alamar ba ta nufin ƙarya ce, tana nufin wanda ya turo maka ba shi ya rubuta ba.

Ka duba kwanan wata. Da yawa daga cikin takardun da ke tayar da hankalin ɗalibai na gaske ne, sai dai na bara ne ko na shekarun baya, wani ya tono su ya yanke wurin da ranar take. Hoton takarda da aka datse samansa ko ƙasansa abin tuhuma ne.

Ka bar saƙon, ka je tushe da kanka. Ka buɗe shafin jami'a ta hanyar rubuta adireshinsa da hannunka, kada ka latsa linkin da ke cikin saƙon. Tambarin makaranta a kan takarda ba hujja ba ne, kowa na iya kwafo shi ya manna. Idan hoto ne na wani abu da aka ce ya faru a harabar makaranta, ka sa shi a Google Lens ko TinEye ka ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri, a wata shekara.

Idan bayan duk wannan ba ka tabbatar ba, amma kana ganin ya kamata aji ya sani, ka miƙa wa wakilin aji a keɓe ya bincika. In kuwa dole sai an sa a zaure, a fara da cewa "BA A TABBATAR BA", sannan a ƙara da abin da ya kamata mutane su yi kafin a tabbatar. Game da gwaji da jarrabawa ƙa'idata ɗaya ce: muddin ɗagewar ba ta fito daga malami ko sashe ba, a shirya a je. Wanda ya je ya tarar an ɗage, tafiya kawai ya yi asara.

Mataki na shida: idan an yi kuskure

Za a yi, komai taka-tsantsan. Abin da ke raba wakili nagari da wanda ba a yarda da shi ba shi ne yadda yake gyarawa.

WhatsApp yana barin ka gyara rubutu cikin minti 15 da aikawa, ka kuma goge shi daga wayar kowa cikin kimanin kwana biyu. Admin ma na iya goge saƙon wani. Amma gogewa a ɓoye ba gyara ba ce, domin wanda ya riga ya karanta yana nan da tsohon labarin a kansa. Magana zarar bunu ce. Ka rubuta sabon saƙo da ya fara da "GYARA", ka faɗi abin da aka ce da farko, ka faɗi daidai ɗin, ka kafe shi a sama. Sannan ka bi duk inda kuskuren ya je, ka kai gyaran can. Idan lokaci ya ƙure, a kira mutane a waya.

Wanda ya kawo labarin da bai tabbata ba kuma kada a yi masa taron dangi. Idan aka kunyata shi a gaban aji, gobe wanda ya ji labarin gaske ma zai yi shiru.

Mataki na bakwai: takardun karatu

Zaure ba ma'ajiya ba ne. Takardar da aka tura a makon farko, ranar jarrabawa sai an yi ta haƙa kafin a same ta, shi ya sa kullum ake jin "don Allah a sake turowa".

A buɗe jaka ɗaya a Google Drive, wanda ke ba kowane asusu gigabayit 15 kyauta, ko a buɗe tashar Telegram don wannan kawai. Kowane kwas da jakarsa. Sunan fayil ya faɗi abin da ke ciki: lambar kwas, mako, maudu'i. A ba aji izinin dubawa kawai, izinin gyara ya tsaya a hannun admin, don kada wani ya goge aikin zango guda bisa kuskure. Linkin jakar ya zauna a bayanin zaure.

Idan za ka ɗauki hoton rubutun allo ko na littafinka, ka haɗa shafukan su zama PDF ɗaya. Manhajar Google Drive da Adobe Scan duk suna yi. Hotuna ashirin a warwatse suna rikicewa, kuma manhaja kan matse hoto har ƙananan haruffa su dushe. Tura shi a matsayin fayil yana tsare ingancinsa.

Muryar malami ko bidiyonsa ba a ɗauka sai da izininsa, balle a yaɗa. Littafin da ke da haƙƙin mallaka shi ma ba naka ba ne da za ka raba. Akwai halastattun hanyoyi: OpenStax na jami'ar Rice yana ba da littattafan jami'a kyauta, MIT OpenCourseWare yana da darussa a buɗe, laburaren makarantarku kuma galibi yana da rajistar mujallu da ɗalibai ba su ma san da ita ba.

Mataki na takwas: masu kutse da 'yan damfara

Dabarar da aka fi sace asusun ɗalibai da ita mai sauƙi ce. Wani zai kira ka, ko ya rubuto da sunan ɗan aji, ya ce ana shirya darasi ta intanet, an turo maka lambobi shida, ka karanto masa don ya sa ka a ciki. Waɗannan lambobin mabuɗin asusunka ne na WhatsApp. Da ka ba shi, ya shige, kai ka fita, sai ya shiga rubuta wa abokanka da sunanka yana neman rancen gaggawa. Ba a ba kowa waɗannan lambobin, ko wane ne.

Yau ɗin nan ka shiga saitin asusu ka kunna tabbatarwa mai hawa biyu, ka zaɓi lambar sirri, ka haɗa da imel. Admin musamman wajibi ne a kansa, domin idan aka kama asusunsa an kama zauren gaba ɗaya. Idan aka sace na wani ɗan aji, a cire lambar daga zaure nan take, a sanar, a mayar da shi bayan ya ƙwato.

Tallan gurbin karatu kyauta shi ne tarko na biyu. Manyan shirye-shirye irin su Chevening na Birtaniya da DAAD na Jamus suna da shafukansu, kuma ba sa karɓar kuɗi don a cike takardar nema. Duk linkin da ya ce sai ka tura shi zuwa zauruka goma kafin ka ci gaba, ko ya nemi lambar katin banki, a goge shi, a kuma gaya wa aji dalili.

Mataki na tara: mutuncin mutane

Sakamakon jarrabawa mai ɗauke da sunaye ba a liƙa shi a zaure. Wani yana ɗauke da faɗuwar da ko iyayensa bai gaya wa ba tukuna. Idan ana tattara lambobin rajista ko na waya, a yi da Google Forms, inda admin kaɗai ke ganin amsoshi. Lambar 'yar aji da ka samu a zaure kuma don harkar aji aka ba da ita, ba izinin damunta da saƙonni ba ne. Admin ya ɗauki irin wannan ƙorafin da muhimmanci tun karon farko.

Kulle saƙo ba ya hana wanda ke cikin zaure ɗaukar hoton fuskar wayarsa. Abin da ka rubuta game da malami ko ɗan aji cikin fushi yana iya isa teburin kwamitin ladabtarwa. Haka tambayoyin da aka ce na jarrabawa ne sun fita: ko na gaske ne ko na bogi, turawa da ajiyewa na iya jawo wa mutum hukunci mai tsanani, har da kora. Admin ya goge, ya gargaɗi aji a rubuce.

Mataki na goma: wanda ba ya kan layi

A kowane aji akwai wanda wayarsa ƙarama ce, ko datarsa ta ƙare, ko aka sace masa waya jiya. Ba zai fito ya faɗa ba. A raba aji gida-gida, mutum biyar ko shida, kowane gida da wanda zai kira ko ya aika gajeren saƙon tes idan sanarwar gaggawa ta fito. Duk abin da ya shafi gwaji ko wa'adin miƙa aiki kuma a maimaita shi da baki a aji.

Idan zango ya ƙare, a cire saƙonnin da aka kafe, a sauya linkin shiga, a fitar da lambobin da ba na 'yan aji ba. Jakar takardu kuma a miƙa kwafinta ga wakilin ajin da ke biye da ku, tare da dokokin zauren da kuka yi aiki da su da samfurin sanarwa guda biyu ko uku, ya samu abin da zai fara da shi a makonsa na farko.